Sarkin Yawa da Haƙƙin Mutum Guda

Hausawa kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wannan magana gaskiya ce a fagen gayya da fagen daga. To, amma tambayar da nake so in gabatar ga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ita ce: shin sarkin yawa yana da ikon ya mallaki ran mutum guda ko jikinsa? Wato idan tsirar mutum goma ta rataya a kan cutar da mutum ɗaya, ya halatta a cutar da shi ba tare da an nemi yardarsa ba? Ra'ayina shi ne bai halatta ba, kuma zan yi ƙoƙari in kawo dalilaina, tare da ba wa masu ɗaya ra'ayin haƙƙinsu, domin su ma ba da ka suke magana ba.

Bari mu fara da wani abu da ya auku a shekarar 1884. Wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mignonette ya taso daga Ingila ya nufi Ostareliya, sai ya nutse a tsakiyar teku. Mutum huɗu da ke cikinsa suka tsira a wani ɗan kwale-kwale: shugaban jirgin Tom Dudley, da Edwin Stephens, da Edmund Brooks, da yaron jirgi Richard Parker, ɗan shekara 17. Ba su da ruwan sha, abincinsu kuwa ɗan na gwangwani ne guda biyu da wani kunkurun teku da suka kama. Da aka kusa mako uku, yaron ya sha ruwan teku ya galabaita. Dudley da Stephens suka yi lissafi cewa su magidanta ne masu iyali, shi kuwa yaro ne wanda, a ganinsu, mutuwa ta riga ta kama shi. Dudley ya yanka shi, su ukun suka rayu da namansa, bayan 'yan kwanaki wani jirgin Jamus ya tsamo su. Ba wanda ya tambayi yaron ra'ayinsa. Da aka gurfanar da Dudley da Stephens, kotu ta ƙi karɓar larura a matsayin hujjar kisa, ta yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta shi zuwa ɗaurin wata shida.

Wanda zai kare waɗannan mutane zai ce uku sun fi ɗaya, kuma da ba a yi haka ba da duk huɗun sun hallaka. Wannan lissafi yana da tushe a cikin falsafar Turawa, wato aƙidar nan da ke auna kyawun aiki da muninsa ta hanyar amfanin da ya haifar. Jigonta shi ne Jeremy Bentham, mutumin Ingila, wanda ya rayu daga 1748 zuwa 1832. A cikin littafinsa na 1789 a kan tushen ɗa'a da shimfiɗa dokoki, ya nuna cewa daɗi da wahala su ne ke jan ragamar ɗan Adam, saboda haka aikin da ya dace shi ne wanda ya ƙara yawan jin daɗi ya rage yawan wahala ga duk waɗanda abin ya shafa. Har ma'aunai bakwai ya kawo na auna daɗi da wahala, daga cikinsu akwai tsananinsu, da daɗewarsu, da tabbacin aukuwarsu, da yawan mutanen da za su shafa.

Wajibi ne mu yi wa wannan aƙida adalci. A zamanin da Bentham ya yi rubutu, dokar Ingila tana rataye mutum saboda ƙaramar sata, kuma jin daɗin mai sarauta ya fi na talaka nauyi a idon hukuma. Cewa a ƙirga kowa a matsayin mutum ɗaya, a kuma tambayi kowace doka amfanin me ta yi wa jama'a, babban juyi ne. Har gobe ma, hakimin da ke da kuɗin rijiya ɗaya tak, ga ƙauye mai mutum dubu ga kuma mai mutum hamsin, ba shi da wani ma'auni da ya fi wannan. Haka nan likitan da maganinsa ya yi kaɗan a lokacin annoba. A irin waɗannan wurare, wanda ya ƙi yin lissafi ya yi sakaci da amanar jama'a.

Inda gizo ke saƙa shi ne, lissafin tarawa yake yi, tarawa kuwa tana shafe fuskar mutum. Idan ka zuba gero mudu goma a buhu, babu ruwanka da wace tsaba ce ta fito daga wace gona. Amma mutane ba tsaba ba ne. Wahalar da Richard Parker ya sha shi kaɗai ya sha ta, kuma rayuwar da Dudley ya samu ba ta koma wa Parker ta rama masa komai ba. Mutum yana iya jure ciwon cire haƙori yau don ya huta gobe, domin mai shan wahalar shi ne mai hutawar. Idan kuwa wahalar ta wani ce, hutun kuma na wani, to babu wanda ke da ikon ƙulla wannan ciniki sai mai jikin.

Abin sha'awa, malaman fiƙihu sun tattauna kusan wannan mas'ala tun ƙarnoni kafin a haifi Bentham. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi magana a kan maslaha a cikin littafinsa Al-Mustasfa, ya kawo misalin mutanen da ke cikin jirgi, waɗanda in sun jefa ɗayansu cikin ruwa za su tsira, in ba su jefa ba duk su nutse. Ya ƙi halatta jefawar. A wurinsa, kafin maslaha ta kai ga irin wannan matsayi, tilas ta kasance ta larura, tabbatacciya, kuma ta game al'umma gaba ɗaya, yawan adadi kawai bai wadatar ba. Ashe ke nan alƙalan Ingila na 1884 da wannan malami sun haɗu a kan gaɓa ɗaya, ko da yake kowa da hanyar da ya biyo.

Shi kansa gidan Bentham bai rasa wanda ya hango wannan rami ba. John Stuart Mill, wanda ya rayu daga 1806 zuwa 1873, ya tashi ne a kan wannan aƙida tun yana yaro, domin mahaifinsa aminin Bentham ne. Duk da haka a cikin littafinsa na 1859 a kan 'yanci, ya kafa iyaka: hukuma ko jama'a ba su da hujjar tilasta wa baligi mai hankali sai don a hana shi cutar da wasu. Abin da ya shafi jikinsa da tunaninsa shi kaɗai, shi ke da iko da shi. Ya kawo misalin mutumin da zai hau gadar da aka tabbata ta lalace: idan babu lokacin yi masa gargaɗi, a riƙe shi, domin ba faɗawa kogi yake so ba. Idan kuwa haɗarin ba tabbatacce ba ne, sai a faɗa masa a bar shi ya zaɓa. Mill bai fita daga aƙidar amfani ba. Hujjarsa ita ce, in an duba da nisa, al'ummar da ke barin mutane su yanke wa kansu shawara ta fi cin riba, domin mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Tarihi ya gaskata Mill ta hanya mai ɗaci. A 1932 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta fara wani bincike a Tuskegee, cikin jihar Alabama, a kan maza baƙar fata kimanin 600, waɗanda 399 daga cikinsu suna ɗauke da ciwon tunjere. Manufar ita ce a ga yadda ciwon ke cin jiki idan ba a yi magani ba. Ba a faɗa musu sunan ciwonsu ba, an dai ce musu jininsu ne ba shi da kyau. Ko da allurar fenisilin ta zama sanannen maganin ciwon a cikin shekarun 1940, ba a ba su ba. Aka ci gaba har shekara 40, sai a 1972 da jaridu suka tona asirin aka dakatar. A 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a madadin ƙasarsa. Masu binciken suna ganin ilmin da za a samu zai amfani dubbai. Abin da ya tabbata kuwa shi ne mutuwar mutane, da kamuwar matansu da 'ya'yansu, da rashin amincewa da likitoci wanda ya daɗe a zukatan baƙar fatar Amurka.

Mu ma nan gida muna da namu darasin. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a arewacin Nijeriya. A cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a kan yara kimanin 200, rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har zuwa 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ba aikina ba ne in yanke hukuncin da kotu ba ta yanke ba. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne abin da ya biyo baya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003, da jita-jita ta bazu cewa an gurɓata rigakafin shan-inna, tunawa da abin da ya faru a 1996 tana cikin abubuwan da suka sa mutane suka saurare ta. Aka dakatar da rigakafin a Kano har zuwa watan Yuli na 2004, cutar ta sake yaɗuwa har ta kai Sudan da Yaman da Indunusiya. Rigakafin nan lafiyayye ne, amma yara suka shanye saboda amana ta karye. Gyaran kuwa bai samu ba sai da aka koma ga sarakuna da malamai aka bi gida gida ana bayani, har aka kai ga tabbatar da Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020.

To, wani zai ce: ashe kowa ya yi abin da ya ga dama ke nan? A'a. 'Yancin mutum a kan kansa yana da iyaka, kuma iyakar ita ce jikin maƙwabcinsa. Wanda ke ɗauke da cuta mai kisa mai saurin yaɗuwa, ana iya killace shi ko bai so ba. Direban da ya bugu, ana iya ƙwace masa makulli. Sai dai akwai bambanci mai girma tsakanin hana mutum cutar da wasu, da mayar da shi makamin amfanin wasu. Richard Parker bai yi wa kowa barazana ba. Mutanen Tuskegee ba don a kare kowa daga gare su aka ɓoye musu gaskiya ba. An yi amfani da su ne kamar yadda ake amfani da fartanya.

Wani kuma zai ce wannan magana ta 'yancin mutum guda ta Turawa ce, mu a wurinmu mutum na danginsa ne. Gaskiya ne ba ma yanke babbar shawara sai mun ji ta bakin iyaye da manya, kuma wannan abin alfahari ne. Amma shawara daban, tilas daban. Mutumin da ya saurari mahaifinsa da malaminsa sa'annan ya amince, da kansa ya zaɓa. Wanda aka ɓoye masa gaskiya, ko aka yanke a bayan idonsa, shi ne aka tauye. Hasali ma kalmar mutunci da muke ji da ita, ai tana nufin kada a wulaƙanta mutum a mai da shi kamar kaya.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban Hausa. Muna shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, mu zauna gaban tsohuwa mai tatsuniya, ko mai maganin gargajiya, ko makaɗi, mu kwashe abin da suka shekara hamsin suna tarawa. Sau da yawa mukan lallashi kanmu da cewa adana al'ada amfanin al'umma ne, saboda haka ba sai mun tsaya dogon bayani ba. Wannan shi ne lissafin Dudley, an dai rage masa girma. Haƙƙinsu ne mu faɗa musu ko mu su wane ne, da inda maganarsu za ta je, da ko za a ambaci sunansu, mu kuma karɓi "a'a" idan sun ce a'a, ko da kuwa kundinmu zai rage armashi.

A taƙaice, lissafin amfani ma'auni ne mai kyau wajen raba abin da jama'a suka mallaka tare, kamar rijiya da magani da kuɗin baitulmali. Ran mutum da jikinsa da asirinsa kuwa ba sa cikin kayan da jama'a suka mallaka, saboda haka ba a ɗora su a kan sikeli sai da izinin mai su. Duk wanda ya ga lissafin ya yi masa daɗi, ya tambayi kansa ko zai yarda da shi idan shi ne yaron da ke kwance a ƙarshen kwale-kwalen.