Ra'ayinmu: Waƙar na'ura da amanar murya a kasuwanninmu

Duk wanda ya ratsa layin masu tura waƙoƙi a waya, ko a Konni da Illela, ko a Maraɗi da Jibiya, ko kuma a Maigatari ranar Alhamis, zai tarar da matasa cunkus suna jiran a zuba musu sababbin waƙoƙi a memori. Abin da da yawa daga cikin iyayensu ba su sani ba shi ne, a cikin waƙoƙin da ke yawo a wayoyin salula yau akwai waɗanda babu ɗan Adam ɗin da ya buɗe baki ya rera su. Kwamfuta ce ta tsara kiɗan, ita ta yi amshi, ita kuma ta fitar da muryar, ta hanyar fasahar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira ko AI.

Yadda abin yake shi ne, wasu kamfanoni irin su Suno da Udio na ƙasar Amurka sun ɗura wa na'ura ɗimbin waƙoƙin mutane har ta ƙware wajen kwaikwayon salonsu. Mutum zai rubuta baitocinsa, ya faɗi irin kiɗan da yake so, kafin ya gama shan kofin shayi waƙa ta fito. Akwai kuma wasu manhajojin da idan aka ba su ɗan guntun muryar mutum, za su sa shi ya faɗi ko ya rera abin da bai taɓa furtawa ba.

Ra'ayin akasarin matasan da ke saurare bai wuce cewa in dai waƙa ta yi daɗi, ba ruwansu da wanda ya yi ta. Masu sha'awar zama mawaƙa kuwa suna ganin gaba ta kai su, domin yaron da ba ya da kuɗin situdiyo, balle na mai fiyano da ƴan amshi, yanzu zai iya fitar da waƙarsa daga rumfar ubangidansa. To amma akwai wasu matasan da hankalinsu ya tashi, wato masu kaɗa fiyano, da ƴan amshi, da masu haɗa waƙoƙin talla da na biki, waɗanda da wannan sana'a suke ciyar da iyalansu.

Mu a wannan jarida ba mu cikin masu cewa a tsine wa fasahar baki ɗaya. Ba mu manta ba, lokacin da fiyano ya shigo waƙoƙin finafinan Hausa a shekarun 1990, dattawa sun ce kalangu da gurmi sun mutu, amma ga shi har gobe ana neman waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da na Malam Maman Barka mai biram, wanda ya rasu a 2018. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Abin da muke ja a kansa shi ne maganar nan ta "ba ruwana da wanda ya yi ta", domin ɗan kasuwa ya fi kowa sanin inda irin wannan magana take kai mutum.

A kasuwa ba laifi ba ne mutum ya sayar da atamfa mai araha, laifin shi ne ya manna mata tambarin mai tsada. Haka abin yake a waƙa, kuma ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro fasahar rigimar ke nan. A watan Afrilun 2023 wani ya saki waƙa da muryoyin mawaƙan Kanada guda 2, Drake da The Weeknd, alhali ba su san da ita ba, sai da miliyoyin mutane suka saurara kafin a sauke ta daga intanet. A watan Yunin 2024 manyan kamfanonin faifai na duniya, Universal da Sony da Warner, suka maka Suno da Udio a kotu bisa zargin kwasar waƙoƙinsu ba da izini ba, kuma a ƙarshen 2025 Universal ya sasanta da Udio, Warner kuma ya sasanta da Suno.

Bugu da ƙari, kamfanin Deezer na ƙasar Faransa, mai dandalin sauraren waƙa, ya bayyana a watan Nuwamban 2025 cewa ana loda masa waƙoƙin na'ura kimanin 50,000 a kowace rana. A binciken da ya sa aka yi a kan mutane 9,000 a ƙasashe 8, kashi 97 cikin 100 sun kasa bambance waƙar mutum da ta na'ura, yayin da kashi 80 cikin 100 suka ce suna son a riƙa rubuta wa waƙar na'ura alama ƙarara. Wannan shi ne abin da muke nema: a faɗa wa mai saye abin da yake saye.

Manyan kamfanonin can suna da lauyoyi da kuɗin zuwa kotu. Iyalan mawaƙanmu da suka riga mu gidan gaskiya ba su da wannan ƙarfi. Idan aka ɗauki muryar marigayi aka sa ta wasa wani ɗan siyasa, ko ta zagi wani basarake, ko ta tallata maganin da bai taɓa gani ba, an ci amanarsa, an kuma danne haƙƙin magadansa. Ku kuma alhazan kasuwa, ku ne iyayen gidan mawaƙa tun fil azal. Darajar waƙar yabo ita ce mawaƙin ya san ka, ya san mahaifinka, ya ci tuwon gidanka, sa'an nan ya ambace ka a gaban jama'a. Yabon da na'ura za ta rera wa duk wanda ya rubuta sunansa bai da wannan nauyi.

Wani abin da ya fi shafar aljihunku kai tsaye shi ne, na'urar da ke kwaikwayon muryar mawaƙi ita ce dai za ta kwaikwayi muryar ɗan kasuwa. Tun daga rufe iyakokin da aka yi a 2019 da kuma na 2023, ciniki ya ƙara komawa kan waya, inda saƙon murya ɗaya na WhatsApp daga abokin hulɗa ya isa a saki tirelar kaya ko a tura miliyoyin sefa ko naira. A farkon 2024 ƴan damfara sun yi amfani da hotuna da muryoyin bogi na shugabannin wani kamfani, suka sa ma'aikacinsa a Hong Kong ya tura musu kimanin dalar Amurka miliyan 25. Yaron shagon da ya saba da cewa ba ruwansa da mai murya, shi ne za a fara yi wa irin wannan.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin masu tura waƙoƙi da su ware waƙoƙin na'ura daban, su kuma ƙi karɓar duk wadda aka yi da muryar wani ba da yardarsa ko ta magadansa ba. Muna kira ga hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, wato BNDA, da takwararta ta Najeriya, da su zauna da ƙungiyoyin mawaƙa na ɓangarorin biyu, tunda waƙar da aka yi a Kano da safe tana isa Damagaram kafin la'asar. Shugabannin kasuwa kuma su sanar da jama'arsu cewa kada a saki kaya ko kuɗi bisa saƙon murya kawai, sai an sake kiran mutum a lambar da aka sani, an tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Ku kuma matasa, ku koyi fasahar, ku ci abinci da ita, amma ku riƙa faɗin gaskiyar yadda kuka haɗa waƙoƙinku, kuma ku bar muryoyin bayin Allah su huta. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu daga sharrin mazambata, amin.