Ku daina kwafo rabin labarin kaboyi

1/ Marubutanmu na Wattpad, magana nake da ku. Labarin ramuwar gayya irin na kaboyi akwai daɗi, na yarda. Amma rabinsa kuke kwafowa.

2/ A True Grit na Charles Portis (1968), Mattie Ross 'yar shekara 14 ta harbi wanda ya kashe babanta. Nan take ta faɗa rami, maciji ya sare ta, aka yanke mata hannu.

3/ Ku kuwa, jarumi ya karkashe mutum goma, a ɗaura aure, a sha biki. Haba! Ƙannenmu fa ke karantawa.

4/ Ku fita ta Ƙofar 'Yandaka, ku miƙe hanyar Batsari, ku tambaya: tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga, wa ramuwa ta bari da hannu biyu?