ZANCEN MAKO: Ɗan kifin bakin tabki, na tukunya ne ko na ƙugiya?

 A wannan mako alƙalaminmu ya bar birnin Damagaram ya nufi kudu, sai ƙasar Sassumbrum cikin gundumar Magarya, dab da iyakar Najeriya. Can na iske wata gardama wadda mai kallo daga nesa zai ɗauke ta hirar raba dare, alhali kuwa ta shafi tukunyar talaka, da jarin ɗan kasuwa, da aikin ma'aikacin gwamnati.

A bakin wani tabki, wani saurayi mai fatsa ya fiddo kifi wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba. Nan take ya nemi ya soke shi ga babbar ƙugiya ya yi koto da shi. Wani dattijo da ke gyaran koma ya ce masa: "Haba ɗana, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kai wa uwarka ta sa a miya." Saurayin ya amsa: "Baba, ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In ban ba da ƙarami ba, yaya babba zai zo?" Da na duƙa na duba kifin, sai na ga ɗan giwan ruwa ne, wanda 'yan boko ke kira kapiten. A ganina, su biyun duka sun yi kuskure.

Bari mu fara ba kowa gaskiyarsa. Dattijo bai yi ƙarya ba. Ƙaramin kifi da ake ci duka, da kai da ƙaya, yana ɗauke da abin gina jiki da mai ƙarfafa ƙashi da jini, abubuwan da tuwo da miyar kuka ba su wadatar da yaro da su. Ƙasar Magarya da Dungas kuwa ta san zafin tamowa. Tun yunwar shekara ta 2005 ƙungiyar likitocin MSF ta soma aikin jinyar yara a Magarya. Wanda ke da yara a gida, in ya jefa abincinsu cikin ruwa da fatan samun babba, caca ya yi. Shi ma saurayin yana da hujja: kifi mai farauta ya fi son nama mai motsi, kuma babbar tarwaɗa guda a kasuwa ta fi kwano cike da ƙanana kuɗi.

To, amma kafin a ce "a ci" ko "a yi koto", akwai tambayoyi biyu da ya kamata a fara yi: wane irin kifi ne, kuma wane irin ruwa ne?

Ta farko. Akwai kifayen da Allah ya halitta ƙanana, ko sun shekara ba su wuce 'yan yatsu ba. Waɗannan a ci, abin da ya rage a yi koto, ba laifi. Amma ɗan giwan ruwa jariri ne, ba ƙaramin kifi ba. Jinsinsa na iya wuce kilo 100; a gasar su ta Argungu ta shekara ta 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Wanda ya ci shi yana tafin hannu, tamkar manomin da ya daka irinsa ne ana gobe shuka. Wanda ya yi koto da shi kuwa, ya yanka maraƙi don ya kama zomo. Haka zancen yake ga 'ya'yan tarwaɗa da na karfasa waɗanda ba su kai ga yin ƙwai ba.

Ta biyu. Tabkunan ƙasarmu iri biyu ne. Akwai na damina, masu ƙafewa kafin bazara. In ruwa ya ja baya har ya zama caɓi, kifin da ke ciki ajalinsa ya zo, in ban da gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka ta yi kwanta har ruwan sama ya dawo. A nan ba a barin komi ga belbela da zalɓe: a kwashe, a ci, a yi banda, ko kuma, abin da ya fi, a ɗebi ƙananan da rai a zuba su cikin tabkin da ba ya ƙafewa. Akwai kuma masu riƙe ruwa shekara duka, irin na Gidimuni cikin jahar Damagaram, ko na Madarumfa kusa da Maraɗi. Irin waɗannan rumbu ne. Ba gulbi ke ciyar da su da sabon kifi kullum ba; yawanci sai an zuba iri. Abin da aka cire tun yana ƙarami, ba mai mayar da madadinsa.

Wannan magana ba mu kaɗai ta dama ba. A gaɓar tekun Amurka akwai wani kifi da ake kira sunuk, mai kama da giwan ruwanmu a siffa da ɗabi'a. Jahar Fulorida ta hana sayar da shi tun shekara ta 1957, kuma mai fatsa ba ya tafiya da shi gida sai ya auna: in ya gaza awo a mayar, in ya zarce awo ma a mayar, domin manyan su ne mata masu ƙwai. A tabkin Biktoriya na gabashin Afirka, inda aka zuba giwan ruwa a shekarun 1950, masunta na bukatar koto mai yawan gaske, har wasu suka mai da kiwon 'ya'yan tarwaɗa sana'a don sayar wa masu ƙugiya. Ga darasi ga mai jari: koto ma haja ce, ba sai an wawushe tabki ba.

Mu ma ba mu rasa doka ba. Dokar su ta ranar 7 ga watan Disamba 1998 ta haramta su da guba, da nakiya, da ragar da idonta bai kai yatsu uku ba. Amma wa bai ga gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya koma taru a bakin ruwa ba? Ma'aikatan ruwa da gandun daji ba su da yawan da za su tsare kowane tabki. In ba su haɗa kai da sarakunan ruwa da masu gari ba, doka za ta tsaya ga takarda. Kuma tara kaɗai ba ta isa. Masunci na bukatar a nuna masa ribar da ke cikin haƙuri.

Ku kuma 'yan kasuwa, linzamin na hannunku. Muddin dillali na karɓar buhun jariran kifi, to, za a ci gaba da kamo su. Ran da kuka ƙi saye, ran nan za a daina. In kuwa kuka ce araha ce, ku tuna baɗi: tabkin da aka cinye 'ya'yansa bana ba zai cika muku mota ba, sai ku koma dogaro da bandar da ake kawowa daga tabkin Cadi da tsadarta.

Koto kuwa bai yi wuya ba. Ga tana, ga gara, ga fara, ga hanjin kaza, ga dusa, duka tarwaɗa da karfasa na cinsu.

Saboda haka rabon kifi uku ne, ba biyu ba: na tukunya, na ƙugiya, da na ruwa. Na ukun shi ne wanda ake mantawa, kuma shi ke haifar da sauran biyun. Saurayin nan dai ya dube ni, ya dubi dattijo, ya cire ƙugiya a hankali ya saki kifin. Dattijon ya yi murmushi ya ce: "To, Allah ya sa da rabonmu a ciki."

Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.