Ilimi Don Kowa: Mi Ke Juya Moton Famfo?

Manomin da ke ban ruwa da famfon hasken rana ya san wannan abu: wata rana ruwa na zuba sosai, wata rana moto na ƙugi kawai, garka tana jiran ruwa. Dalilin yana cikin cikin moton.

In makanike ya buɗe ƙaramin moto, abu biyu zai nuna. Akwai maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Akwai kuma waya ta jan ƙarfe da aka naɗe sau da yawa, kamar zare a mazari. A shekarar 1820 wani malami a ƙasar Danmark, Oersted, ya gano cewa kuran da ke bin waya yana motsa allurar maganaɗisu. A 1821 Faraday na Ingila ya sa waya ta yi ta kewaya maganaɗisu. Daga nan moto ya samo asali.

In kuran ya shiga naɗin, maganaɗisu yana tura gefe ɗaya sama, ɗaya gefen ƙasa. Sai naɗin ya juya. Wannan shi ne ƙarfin murɗawa.

Ana lissafa shi da abu huɗu: yawan naɗi, yawan kuran, faɗin filin da naɗin ya kewaye, da ƙarfin maganaɗisu. Ana ninka su duka.

Ga misali. Naɗi 100 ne. Kuran amfiya 2. Tsawon naɗin santimeta 5, faɗinsa 4. Filinsa ke nan 20, wato 0,002 a awon murabba'in mita, kamar yadda ake auna gona. Ƙarfin maganaɗisu rabin tesla, 0,5. Tesla sunan ma'auninsa ne. 100 sau 2, 200. Sau 0,002, ya zama 0,4. Rabinsa 0,2. Wannan 0,2 kusan daidai yake da a rataya giram 200 a bakin sanda mai santimeta 10. Kaɗan ne, amma moton famfo ya fi wannan nesa.

Sai dai ƙarfin ba ya zama ɗaya a duk juyi. Mai keke ya sani: in feda tana gaba, taki yana ci, in ta kai can ƙasa, ko an taka da ƙarfi ba ta juyawa. Haka naɗin yake. Shi ya sa ake sa naɗi da dama a moto guda, in wannan ya huta wancan ya ja.

To, ga inda lissafin ke taɓa aljihu. In ƙura ta rufe farantin rana, kuran ya ragu, ƙarfin murɗawa ya ragu tare da shi. Tsumma da ruwa kaɗan sun isa magani. In kuma moto ya ƙone, mai gyara ya sake naɗi 50 inda 100 suke, don tsimin waya, moton zai nemi kuran ninki biyu kafin ya ja kaya irin na da. Waya ta yi zafi, ta sake ƙonewa. Mai famfo ya tsaya a ƙidaya tsohon naɗin a gabansa kafin a warware shi.