Bayan shanyewar ɓarin jiki: zaman shirun da iyali ke ɗauka lalaci ne

A ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ake tunawa da cutar shanyewar ɓarin jiki, wadda likitocin Nijar ke kira AVC. Jawabai kan tsaya kan tansiyo da rage gishiri da gaggawar kai marar lafiya asibiti. Ba a cika maganar wanda ya tsira aka sallamo shi ba.

Sau da yawa ƙafa ta fara takawa, baki ya saki, amma mutumin ya daina neman komai. Ɗan kasuwar da ba ya wuni gida a da yanzu yana zaune kan tabarma, bai tambayi shago ba, bai kunna rediyo ba, sai an ce masa ya ci sannan ya ci. Iyali su ce lalaci ne, ko kuma an yi masa asiri. Binciken likitoci ya nuna wannan mutuwar zuciya tana samun kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira, kuma daga ƙwaƙwalwa take: hanyoyin da ke haɗa gabanta da cibiyoyin da ke tada himma ne suka lalace. Ta bambanta da ciwon damuwa. Mai damuwa yana baƙin ciki yana kuka, wannan kuwa ko a jikinsa. Shi ya sa maganin damuwa ba lallai ya taimake shi ba.

Abin da ya ƙara tada hankalin masana shi ne alaƙarta da raunin tunani. Wani nazari na jami'ar Oxford a 2009 ya gano kusan mutum ɗaya cikin goma na kamuwa da cutar mantuwa ba da jimawa ba bayan bugun farko, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuma idan ya maimaita. Mutuwar zuciya na cikin alamun da kan riga mantuwar zuwa.

Don haka ake neman shaida cikin jini: alamun kumburi irin su CRP da IL-6, da wani sinadari, NfL, da ke fita idan jijiyoyin ƙwaƙwalwa sun ji rauni. Alaƙa dai an gani, amma babu gwajin da zai yanke hukunci shi kaɗai. A nan ma akwai matsalar gida. CRP ana iya auna shi a manyan asibitoci, sai dai zazzaɓin cizon sauro kaɗai ya isa ya ɗaga shi, don haka sakamakon da aka samu lokacin damina zai iya ruɗar da mai karantawa. NfL kuwa sai da na'urori na musamman masu tsada.

Abin da ke hannun iyali a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa bai kai haka kuɗi ba: su gaya wa likita a ranar komawa cewa tsoho ya daina sha'awar komai, don a gwada tunaninsa. Mai wannan hali shi ne kan bar motsa jiki da shan maganin tansiyo ba tare da ya ce uffan ba, bugu na biyu kuwa daga nan yake samun ƙofa.