Ɓeran Malam ya ƙi fitowa

Ranar Asabar ina kakkaɓe wani tsohon akwati sai na ci karo da faifan CD, an rubuta "Baƙaƙen Hausa" a jikinsa. Aikin wani aminina ne, Allah ya jiƙansa, malamin firamare da ya koya wa kansa kwamfuta a kafe, zamanin da muke sayen awa guda mu ƙare rabinta muna jiran hoto ɗaya ya sauko. Kusan shekara biyu ya yi yana haɗa shi. Ka danna ɓ, ɓera ya fito a guje. Ka danna ƙ, ƙadangare ya gyaɗa kai, muryar Malam kuma ta faɗi sunansa.

Na aro na'urar karanta faifai wurin maƙwabci, na kira auta ta zo ta ga aikin baffanta. Fayil yana nan da wutsiyarsa ta swf, amma babu manhajar da ta san shi a kwamfutar. Yarinya ta tsaya jim, ta ce, "Baba, ya lalace," ta koma kan wayar uwarta.

Lafiyar faifan ƙalau. Flash ne ya mutu ya bar shi maraya.

'Yan bana-bakwai ba za su san girman Flash ba. A 1996 kamfanin Macromedia ya sayi wata ƙaramar manhajar zane mai motsi mai suna FutureSplash, ya raɗa mata Flash, kafin ka ce kwabo ta zama ƙofar duk wani abu mai motsi a intanet. Da ita YouTube ya fara nuna bidiyo a 2005, shekarar da Adobe ya sayi Macromedia a kan dala biliyan 3.4. Da ita aka yi wasan FarmVille a Facebook, inda mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba suke tashi da asuba su yi girbi. Sai a 2010 Steve Jobs ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ya ce ba za ta shiga iPhone ba, don tana shan batir, tana buɗe wa ɓarayin intanet ƙofa. Ya faɗi gaskiya, ko da yake shi ma kasuwarsa yake tsarewa, kuma HTML5 da ya gaje ta ya fi ta, ban musa ba.

Haushina ba da kamfanin Adobe yake ba. Tun watan Yulin 2017 ya yi shela cewa ƙarshen 2020 zai janye hannunsa, ranar 12 ga Janairun 2021 kuma aka toshe ta. Sama da shekara uku ana kiran sallah, wanda ya makara shi ya so. Hukumar haraji ta Afirka ta Kudu ma ta makara, takardun cikewarta suka tsaya, har sai da ta fito da burauzarta ta kanta mai ɗauke da Flash. Na yi musu dariya a lokacin, alhali nawa faifan yana ƙarƙashin gado.

Wasu kuwa ba su yi barci ba. A 2018 wani matashi ɗan Ostareliya ya fara aikin Flashpoint, shi da 'yan sa-kai suka tattara wasanni fiye da 100,000. Wasu suka rubuta Ruffle, manhajar da take kwaikwayon Flash, Internet Archive ya ɗauke ta a ƙarshen 2020. Wasan tsalle-tsallen da wani yaro ya zana a ɗakin kwanansa a Amurka yana da ma'aji. Darasin ɓ da ɗ da ƙ, wanda ba mai yi mana in ba mu ba, yana akwati da kyankyasai.

 Waƙoƙin Nana Asma'u an rubuta su da tawada a takarda, ga su ana karantawa bayan fiye da shekara 150 da rasuwarta. Amma je ka Ƙofar Wambai ka nemi kaset mai kyau na Turmin Danya, fim ɗin 1990 kawai, ka ga yadda za a dube ka. Sakaci ne, kuma kada wani ya ce mini talauci. Muna da kuɗin anko, muna da kuɗin data na kallon rawa har asuba. Yau ma karatun malamai da waƙoƙi da barkwancinmu duk mun jibge su a TikTok da WhatsApp, gidajen haya da mai gida zai iya rushewa ranar da lissafinsa ya canza. Zanen aro ba ya rufe katara, mun sani, mu muka yi karin maganar.

Daren Lahadi ɗan ƙanwata ya sa mini Ruffle. Ɓera ya fito a guje, ƙadangare ya gyaɗa kai, na ji muryar Malam karon farko tun rasuwarsa. Da muka kai ts sai ya maƙale, tsuntsun ya tsaya da fiffike ɗaya a sama. Auta ta riga ta yi barci. Na ce yaron ya naɗe abin da ya samu a bidiyo, gobe zan kai wa iyalin Malam nasu.