Tunawa da Janar Murtala: Makoki ko Nazari?

Ran Jumma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, da safe, Janar Murtala Ramat Muhammed ya fito daga gidansa a Ikko zai tafi ofis a Barikin Dodan, ba jiniya, ba jerin gwanon sojoji. Motarsa na cikin cunkoso sai mutanen Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe mata wuta. Shekarunsa 37 a duniya, mulkinsa kuwa bai wuce kwana 200 ba. A Kano, inda aka haife shi cikin 1938, nan aka kai shi makwancinsa.

Babu shakka mutumin ya cancanci kukan da aka yi masa. Cikin 'yan watannin nan ya mai da jihohin Nijeriya 19 maimakon 12, ya yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko zuwa tsakiyar ƙasa, inda Abuja take a yau, sa'an nan ya sa ranar da soja za su miƙa mulki ga farar hula, watau 1 ga Oktoba, 1979. A taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Addis Ababa, cikin Janairun 1976, ya tsaya bayan MPLA ta Angola, ko da yake Amurka ba ta so ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da mawaƙan baka da marubuta waƙoƙi suka yi ta zuba ta'aziyya, aka sa sunansa a filin jirgin saman Ikko da babban asibitin Kano, aka kuma buga hotonsa a takardar naira 20.

To, amma fa mutuwar fuju'a tana da wata ɗabi'a: takan wanke mamaci fes, ta bar jama'a da rabin labari. Wanda ya tsufa bisa mulki akan gaji da shi, a ƙirga laifuffukansa tun yana raye. Wanda aka tsinke da ƙuruciyarsa kuwa, sai a riƙa auna shi da abin da ake zaton da zai yi in da ya daɗe. Murtalan da ke cikin waƙoƙi bai taɓa kuskure ba. Murtalan tarihi kuwa yana cikin jagororin juyin mulkin Yuli, 1966, kuma shi ne kwamandan Runduna ta Biyu lokacin da dakarunta suka hallaka ɗaruruwan maza farar hula a Asaba cikin Oktoban 1967. Daɗin daɗawa, yunƙurinsa na ƙetare Kogin Kwara zuwa Onica ya ci rayukan sojojinsa masu yawa.

Ko kakkaɓar ma'aikata ta 1975, wadda talakawa suka yi wa tafi, tana bukatar a sake dubanta. An sallami mutum fiye da 10,000 nan take, galibi ba tare da an ji ta bakinsu ba. Akwai ɓarayi a ciki, haka ne, amma akwai waɗanda gaba ce kurum ta ci su. Ma'aikacin da ya ga an kori na gaba da shi ta bakin rediyo, me zai hana shi fara tanadin gobensa daga aljihun gwamnati?

Wani zai ce al'ada da addini sun yi horo a ambaci mamaci da alheri. Gaskiya ne, kuma a zaman makoki wannan shi ne ladabi. Sai dai zauren karatu ba zaman makoki ba ne. Mawaƙi aikinsa yabo, ba a zarginsa don ya yi abin da ya gada. Ɗalibin da ya ɗauki waƙoƙin ta'aziyyar Murtala don rubuta kundinsa, shi ne abin zargi in ya tsaya ga jigo da salo da amsa-amo kawai, bai tambayi abin da mawaƙin ya tsallake ba, da dalilin tsallakewar. Ya kamata malamai su bukaci irin wannan ɗalibi ya ajiye waƙar a hannun dama, littattafan tarihin yaƙin basasa a hannun hagu, ya kuma nemi jin yadda mutanen Asaba suke ba da labarin ranar 7 ga Oktoba, 1967.